Digiri na Biyu a Kan Turɓaya

 A Hausa kalmar ƙasa tana ɗauke da kaya da yawa. Najeriya ƙasa ce. Abin da ya suɓuce daga hannu ƙasa yake faɗawa. Turɓayar da kuke karkaɗewa daga takalma kafin ku shiga aji ita ma ƙasa ce. To, wannan ta ukun, wadda ta fi kowacce arha a idon jama'a, ita muke karantawa. Mu wasu 'yan cikin badala ne, maza da mata, da muka gama digiri na farko a fannin noma, muka yi hidimar ƙasa, sannan muka koma jami'a muna digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma.

Mun san yadda maganar take sauka a kunne. Idan yaro ya ce likita zai zama, a gida sai a hau sa masa albarka. Idan ya ce lauya ko injiniya, a ce madalla. Amma ka share shekara 5 a jami'a, ka kuma ƙara 2 a kan turɓaya, sai kawu ya dube ka ya ce, "Kai yaro, ita ƙasar me za a karanta a cikinta?" Wani ya ɗauka labarin ƙasa ake nufi, na taswira da tsaunuka. Wani kuma ya ɗauka neman zinare za mu shiga. Ga shi yawancinmu ba mu tashi da fartanya a hannu ba. 'Ya'yan 'yan kasuwa ne da malamai da maɗinka, daga Yakasai da Mandawari da Ɗandago da Koki, inda lungu ya fi gona yawa. Tambayar kawu tana kan hanya, kuma ku da za ku cike takardar JAMB nan ba da jimawa ba kuna da haƙƙin jin cikakkiyar amsa.

Birnin da aka ɗaga daga ƙasa

Ɗan birnin Kano ba ya buƙatar zuwa ƙauye kafin ya ga aikin ƙasa. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa kuma, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta. Babu siminti ko ƙarfe a cikinta. Ƙasa ce aka haƙa, aka kwaɓa, aka ɗora. Gidan Rumfa da Gidan Makama da tsofaffin sorayen unguwanninmu duk da tubali aka tashe su. Dutsen Dala kansa yana da tama a jikinsa, kuma maƙeran farko sun narka ta sun fitar da ƙarfe fiye da shekara 1,000 da suka wuce.

Maginan gargajiya sun san ƙasar da ke yin tubali da wadda za ta ruguje tun kafin ta bushe. Sun san idan yumɓu ya yi yawa bango zai tsage, idan yashi ya yi yawa ba zai kama jikinsa ba. Suna shafe da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame, suna haɗa laso da katsin marina irin ta Ƙofar Mata. Abin da suka gane da tafin hannu, shi muke aunawa a yau da ma'auni, mu ba shi lamba.

Kududdufan da kuke gani a cikin gari kuwa, akasarinsu ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne. Da aka gama ɗiba sai suka samu wani aiki: da damina su suke karɓar ruwan da ya gangaro daga lunguna, su riƙe shi ya riƙa tsuma ƙasa a hankali. Yanzu da dama an cike su da shara an yi gini a kai, an kuma dabe tsakar gidaje da siminti. Ruwan sama bai rage zuwa ba, wurin zamansa ne aka ƙwace. Shi ya sa a watan Agusta za ku ga yana neman hanya ta cikin zaure. Yadda ƙasa ke shan ruwa, da saurin da take sha, da inda ruwan ke zuwa bayan ya nutse, darasi ne sukutum a karatunmu.

Jaki da mangala

Abin da ya fi jan hankalinmu zuwa wannan fanni wani tsohon ciniki ne tsakanin birni da karkara. Ƙasar da ke kewaye da Kano jigawa ce mai yawan rairayi, damina kuma ba ta wuce wata 4 zuwa 5. Duk da haka, ƙauyukan da ke zagaye da birnin suna cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma, kuma an daɗe ana nome gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. A ka'ida irin wannan ƙasa gajiya take yi. Me ya hana ta Kano mutuwa?

Wani Baturen Ingila mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya bi diddigin wannan tambaya tun cikin shekarun 1960. Abin da ya gani kakanninmu sun san shi sarai. Da rani jakuna suna shigowa ta ƙofofin gari da itacen girki da hatsi, su fita da mangala cike da taki: tokar murhu, kashin awaki da tumaki, sharar tsakar gida. A gona kuma ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, a ba dabbobi harawa, su mayar da ita taki. Abin da gona ta aiko wa birni, birni yana mayar mata da wani kaso.

Sai da muka shiga aji muka fahimci dalilin da ya sa dabarar ta ci. Toka tana ɗauke da sinadarin fotasiyam da kalsiyam, tana kuma rage tsamin ƙasa. Kashin dabbobi idan ya ruɓe yana zama kamar rumbu a cikin rairayi, ya riƙe ruwa da abincin shuka don kada su zurare. Saiwar wake da ta gyaɗa tana da 'yan ƙulle-ƙulle da wasu bakteriya ke zaune a ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska su miƙa wa shuka. Har ƙurar hunturu da ke sa mu tari tana da nata rabon a aikin. Yawancinta daga wani kwari take tasowa da ake kira Bodele a ƙasar Cadi, inda a da ruwan tafki yake, kuma tana sauka a gonakinmu da ɗan abincin shuka. Wani ɓangarenta ma yana tsallaka tekun Atalantika ya sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka.

Amma sharar yau daban take da ta zamanin kakanninmu. Jujin yanzu cike yake da leda da fasasshen gilashi da matattun batura da tarkacen waya. Manomi har gobe yana sayen sharar birni ya zuba a gona, domin takin zamani ya yi tsada. Me ke shiga cikin ƙasarsa tare da takin? Nawa ne daga ciki ke hawa jikin alayyafo? Wace hanya mai sauƙi za a bi a tace shara ta koma taki mai tsabta? Waɗannan tambayoyi ne da ke jiran masu amsa, kuma ɗan birni ya fi kowa sanin inda sharar ta fito.

Me ake karantawa?

Fannin yana da rassa. Akwai mai nazarin asalin ƙasa da rabe-rabenta, yadda dutse ke rududdugewa ya zama turɓaya. Akwai mai nazarin sinadaranta da ƙarfinta na ciyar da shuka. Wani ruwa da iskar da ke cikinta yake bi, da yadda zaizaya ke cinye ta. Wani kuma ƙananan halittun da ke rayuwa a ciki ya sa gaba. Akwai masu zana taswirar ƙasa da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam, su nuna inda ya dace da shinkafa da inda ya dace da gero. Ana danganta kafuwar fannin a matsayin kimiyya mai zaman kanta ga wani masani ɗan Rasha, Vasily Dokuchaev, da aikin da ya fitar a 1883 kan baƙar ƙasar ƙasarsu.

Aikin yana farawa da rami. Mukan haƙa shi ya kai zurfin mita 1.5 ko 2, mu shiga ciki mu dubi bangonsa. A nan ake ganin ƙasa hawa-hawa take: ta sama mai ɗan duhu inda saiwa ta fi yawa, ta ƙarƙashinta mai ja ko ɗorawa, can ƙasa wani lokaci a ci karo da marmara. Kowane hawa mukan auna kaurinsa, mu gwada launinsa da wani littafin launuka, mu ɗebi samfuri a leda mu rubuta masa lamba. A ɗakin gwaje-gwaje a shanya shi a inuwa, a daka a hankali, a tankaɗe da rariya mai ido milimita 2. Abin da ya wuce ta rariyar shi ake rabawa uku. Ƙwayar da ta kai daga milimita 2 zuwa 0.05 yashi ce. Daga 0.05 zuwa 0.002 lallausar turɓaya ce mai santsi kamar gari. Wadda ta gaza 0.002 ita ce yumɓu. Yawan kowanne a cikin gona shi ke faɗa maka ko za ta riƙe ruwa ko za ta sake shi.

Sai ma'aunin tsami da kuke ji a darasin kemistiri, pH, mai tafiya daga 0 zuwa 14. Yawancin amfanin gonarmu sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7. Idan ƙasa ta yi tsami da yawa, sinadarin fosforas yakan maƙale a jikinta, shuka tana kusa da shi amma ba ta iya sha. Manomi ya zuba kuɗinsa, amfani bai tashi ba, ya ce takin jabu ne, alhali wata ƙila ƙasar ce ke buƙatar gyara.

Ga wani lissafi da za ku iya yi wa iyayenku yau. Buhun kamfa mai kilo 50 da aka rubuta wa 15-15-15 yana ɗauke da naitirojin kashi 15 cikin 100, wato kilo 7.5. Buhun yuriya mai kilo 50 kuwa kashi 46 ne, wato kilo 23. Ke nan naitirojin da ke cikin buhun yuriya 1 ya kai na buhun kamfa 3, sai dai yuriya ba ta da fosforas da fotasiyam ko kaɗan. Kuma idan aka watsa ta a sarari cikin zafin rana ba a rufe ba, wani kasonta iska yake bi. A jigawa kuma idan aka zuba ta gaba ɗaya lokaci guda, ruwan sama yakan wanke ta ta wuce inda saiwa za ta kai. Shi ya sa ake cewa a binne ta, a kuma raba zubin biyu. Wannan ɗan sani kaɗai yana iya tsare wa magidanci kuɗin buhu guda a damina.

Bambancin digiri na farko da na biyu

A sakandare da digiri na farko, malami ya san amsa, kai kuma kana ƙoƙarin kamo ta. A digiri na biyu, bayan kwasa-kwasan shekarar farko, sai a ce ka nemo tambayar da ba a riga an amsa ba, ka tsara yadda za ka amsa ta, ka kare tsarin a gaban malamai. Za a haɗa ka da malami mai duba aikinka, amma kai ne da gona, kai ne da kwalabe, kai ne da lissafi. A ƙarshe ka rubuta kundi, a gayyato masani daga wata jami'a ya yi maka tambayoyi.

Ba za mu ɓoye muku wahalarsa ba. Mai gwaji a gona damina ɗaya yake da ita a shekara. Idan ruwa ya ɗauke a lokacin da masara ke fitar da gemu, ko awaki suka ɓalle shinge, sai dai a jira baɗi. Kowane gwaji sai an maimaita shi a fili 3 ko 4, domin sakamakon fili ɗaya yana iya zama dace kawai. Akwai tsayuwar rana a Afrilu, akwai laka har gwiwa a Agusta, akwai kuɗin mota da na sinadarai. A daidai lokacin kuma abokan karatunka sun buɗe shago a Kantin Kwari, wasu sun yi aure, kai kana ƙirga ganyen dawa. Mai gaggawa ba ya jin daɗin wannan fanni.

Amma haƙurin yana biya. A Samaru ta Zariya, inda aka fara binciken noma tun 1922, akwai wasu filayen gwaji da aka buɗe a 1950, ana zuba wa wasu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, wasu kuma a bar su haka nan, shekara da shekaru. Daga irin wannan dogon gwaji aka tabbatar da cewa takin naitirojin na zamani shi kaɗai yana ƙara wa ƙasarmu tsami idan aka daɗe ana zubawa, haɗa shi da na gargajiya kuma shi ya fi riƙe mata ƙarfi. Waɗanda suka fara aikin sun shuka abin da jikokin ɗalibansu ke girba.

Kada kuma ku raina abin da ɗalibi zai iya ganowa. A 1943, a Jami'ar Rutgers ta Amurka, wani ɗalibin digiri na uku mai shekara 23, Albert Schatz, yana aiki ƙarƙashin malaminsa Selman Waksman, masanin ƙananan halittun ƙasa. Daga cikin bakteriyar ƙasa ya fitar da maganin streptomycin, wanda shi ne na farko da ya yi tasiri sosai a kan tarin fuka. Dangin waɗannan bakteriya ne ke fitar da ƙamshin nan da ke tashi idan ruwan farko ya sauka a busasshiyar ƙasa. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce ƙananan halittun da ke cikin cokali guda na lafiyayyar ƙasa sun fi mutanen duniya yawa.

Abin da ke kan faifai

Hukumar ta FAO ta kuma ce kusan kashi 95 cikin 100 na abincin ɗan'adam daga ƙasa yake fitowa, kuma kusan kashi 1 cikin 3 na ƙasar noman duniya ta riga ta lalace ko ta kama hanya. 'Yan santimitocin saman gona, waɗanda ruwan dare ɗaya zai iya kwashewa, suna ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin su taru. Ku dawo da wannan magana gida Kano. Gonakin da ke bayan Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dawanau a zamanin iyayenmu yau unguwanni ne. Bakunan da za a ciyar suna ƙaruwa, filin noma yana matsewa. Duk tiyar da aka auna a kasuwar Rimi, wata gona ce ta biya.

Kogin Jakara yana ratsa birni ya kwashi ruwan kwatocinmu, a gaba ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai. A gaɓarsu 'yan lambu ke noman latas da alayyafo da karas da rani, kuma masu bincike sun sha auna sinadarai masu nauyi irin su dalma da kiromiyam a ruwan da ƙasar wurin. Hana mutum noman da yake ci da iyalinsa ba shi ne mafita ba. Ana buƙatar wanda zai auna ya ce wannan fili lafiya lau, wancan a canza masa shuka, wancan kuma a gyara shi tukuna.

A Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke ba da damar noman rani, matsalar wata ce daban. Idan ana ban-ruwa ba tare da magudanar fitar da rarar ba, ruwa yakan kwanta a ƙarƙashi, gishiri da kanwa su taso sama su ƙone shuka. A gonakin tudu kuma ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta, ya fi yin ƙarfi inda ƙasa ta gaji.

Wani lokaci maganar takan wuce abinci ta kai ga rai kai tsaye. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, yara fiye da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Ana dakan duwatsun zinare a cikin gidaje, ƙurar ta gauraya da ƙasar tsakar gida inda yara ke rarrafe. Likitoci sun ba da magani, amma sun ce aikin banza ne a warkar da yaro a mayar da shi kan gurɓatacciyar ƙasa. Sai da aka bi gida-gida ana auna turɓaya, ana kankare ta sama ana zuba mai tsabta, kamar yadda aka yi a Bagega a 2013.

Akwai kuma labari mai daɗi. A yankin Maraɗi da Damagaram na Jamhuriyar Nijar, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon itatuwa yana girma a gonakinsu maimakon sassabe shi. An ƙiyasta cewa kusan hekta miliyan 5 sun farfaɗo ta wannan hanya. Gawo yana cikin itatuwan da suka fi amfani, domin da damina yake zubar da ganye, bai tare wa gero rana ba, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Lalatacciyar ƙasa tana iya dawowa idan ta samu masu kula.

Saboda haka idan muka je gona ba ma zuwa da girman kai. Mukan durƙusa mu gaisa, mu ce, "Baba, wannan wace irin ƙasa ce?" Shi kuma ya ce, "Nan jigawa ce, can jangargari, wancan farin wurin faƙo ne, ko me ka shuka ba ya yi." Sau da yawa abin da awo zai nuna bayan mako 3 shi ne abin da dattijon ya faɗa a tsaye. Namu shi ne mu gano dalili, mu kuma nemo magani.

To, aikin fa?

Wannan ita ce tambayar da iyaye suka fi yi, kuma suna da gaskiya. Babu digirin da ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a yau, har da namu. Amma ƙofofin suna da dama. Akwai koyarwa da bincike a jami'o'i da kwalejojin noma. Akwai cibiyoyin bincike irin su IAR ta Samaru, da IITA da ICRISAT waɗanda duk suna da ofis a Kano. Akwai kamfanonin haɗa taki, da manyan gonaki, da hukumomin noman rani da na kare muhalli, da ayyukan gona na ƙungiyoyin duniya. Wasu suna buɗe nasu wurin awon ƙasa ko sana'ar sarrafa shara ta zama taki. Tun 2017 ma akwai dokar da ta kafa cibiyar da ke yi wa masana kimiyyar ƙasa rajista a Najeriya.

Ba sai an yi nisa ba kafin a samu wurin karatu. Jami'ar Bayero tana da sashen kimiyyar ƙasa a Tsangayar Noma, a sabon mazauninta na titin Gwarzo. A nan ne kuma Cibiyar Nazarin Noma a Yankunan da ke da Ƙarancin Ruwa take, wadda aka kafa a 2012, Bankin Duniya ya zaɓe ta a 2014 cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka. Daraktanta na farko, Farfesa Jibrin Mohammed Jibrin, masanin kimiyyar ƙasa ne, kuma ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka suna zuwa Kano yin digiri na biyu da na uku a can. A duniya kuwa, Farfesa Rattan Lal, ɗan ƙaramin manomi da ya tashi a wani ƙauye a Indiya, ya shafe shekara 17 yana nazarin zaizayar ƙasa a IITA ta Ibadan, a 2020 aka ba shi babbar lambar yabo ta abinci ta duniya.

Ƙannenmu mata, kada wani ya ce muku wannan fagen maza ne. Rabin aikin a ɗakin gwaje-gwaje da gaban kwamfuta ake yin sa, wanda ake yi a gona kuma akwai mata da ke yin sa cikin shigarsu ta mutunci. Akwai ma inda ku kaɗai za ku iya shiga. Kiwon awaki da tara toka da taki a cikin gida yake, a hannun iyayenmu mata, kuma namiji ba ya wuce zaure.

Daga ina za a fara?

Daga ajin da kuke yanzu. Ku shiga ɓangaren kimiyya, ku riƙe kemistiri da hannu biyu, domin shi ne ƙashin bayan fannin. Ana buƙatar kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da kemistiri da bayoloji ko ilimin noma. A JAMB akasari Turanci ne da kemistiri da bayoloji ko noma, sai fizis ko lissafi, amma ku duba ƙa'idar shekararku tare da malaminku. Digirin noma shekara 5 ne, ɗaya daga ciki a gona ake yin ta. Digiri na biyu yakan ɗauki kamar shekara 2, na uku kuma 3 ko fiye. Sakamako mai kyau a digiri na farko shi ke buɗe ƙofar tallafin karatu, don haka tun daga shekarar farko ake dagewa. Kada ku yi wasa da lissafi da rubutun Turanci, domin binciken da ba a iya lissafa shi an rubuta ba, tamkar ba a yi shi ba ne.

Kafin nan, ga gwaji 3 da ba sa cin ko sisi. Ku sami gorar ruwa mai haske, ku zuba ƙasa zuwa kashi 1 cikin 3, ku cika da ruwa, ku girgiza sosai ku ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti guda, lallausar turɓaya ta biyo baya cikin 'yan sa'o'i, yumɓu kuwa sai ya kwana yana yawo. Ku gwada ƙasar lungunku da ta wata fadama ku ga bambanci. Na biyu, ku jiƙa zoɓo ba sukari ku raba kofi 2, ɗaya ku matsa lemon tsami, ɗaya ku jefa kanwa. Launin da kowanne zai koma shi ne darasin pH a gaban idonku. Na uku, da damina ku nemi izinin mai gona ku tuge wake guda a hankali, ku fasa ɗaya daga ƙulle-ƙullen saiwarsa. Idan kuka ga cikinsa ja-ja, to masu kamo naitirojin suna bakin aiki.

Ranar 5 ga Disamba ta kowace shekara ita ce ranar ƙasar noma ta duniya. Ku roƙi malamin noma ko na kemistiri ya ware muku darasi guda a ranar, kowa ya zo da gorarsa da ƙasar unguwarsu, a jera a kan tebur a kwatanta. Ba mu ce dukanku ku biyo sahunmu ba. Kano tana buƙatar likitoci da alƙalai da injiniyoyi, kuma dukansu sai sun ci tuwo. Idan a kowane aji aka samu mutum ɗaya ko biyu da wannan gora ta hana su sukuni har suka nemi ƙarin bayani, akwai ramuka da yawa da ba a haƙa ba daga Ƙofar Ruwa har Kadawa, kuma hannuwan da ke aikin ba su isa ba.

Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya sa albarka a karatunku, Ya ba mu damina mai albarka.